Malama Sannu-Sannu da Allon Auta

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne ya raba ajina da nata. Ni ina koyar da kurame, ita kuma tana riƙe da ajin ƙarshe, can ƙuryar baranda kusa da tankin ruwa, inda ake kai duk yaron da aka rasa inda za a sa shi: mai nauyin harshe, mai jin magana amma ba ya mayarwa, wanda ya shekara uku yana kokawa da baƙi ɗaya. Ba mai kiran ta da sunanta na yanka. Tun daga Hedimasta har mai gadi, Malama Sannu-Sannu ake ce mata, domin kalmar ba ta barin bakinta. Yaro ya yi kuskure, sannu-sannu. Uwa ta zo da kuka, sannu-sannu. Ko albashi ya makara muna ta masifa a ofis, abin da za ta ce ke nan.

Ta girme ni da shekara takwas, shi ya sa nake ce mata Yaya. Gajeruwa ce, mai faɗin tafin hannu, kullum da almakashi a jakarta. Ajinta ya fi kama da shagon mai tara kwalaye. Hotunan da ta yanko daga kwalin sabulu da na madara suna manne a bango. Akwai faranti cike da yashi da yara ke zana baƙi a ciki da yatsa, akwai madubi da take zama da yaro a gabansa suna kallon yadda leɓe ke haɗuwa. Haruffanta ma daga tsofaffin silifa take yanko su, don yaro ya riƙe ya ji siffarsu. Mijinta, tsohon ma'aikacin gidan waya, yakan ce: "Ni yanzu in zan kwanta sai na tura takalmina ƙarƙashin gado. In na yi sake, gobe na tarar ya zama harafin Ba da na Ta."

Sau ɗaya tak ta taɓa ba ni labarin abin da ya kawo ta wannan aiki. Tana da ƙane da bai taɓa magana ba. Yana shekara bakwai ya kwana uku yana kuka, yana riƙe da zanen uwarsu. Aka duba kunne, aka duba haƙori, aka ce rigima ce. Ashe ciki ne. Kafin a gane, lokaci ya ƙure. Ta ce mini: "Da zai iya nuna min wurin da yatsa ɗaya, da yanzu yana da jikoki." Daga nan ta ɗauki almakashinta ta ci gaba da yankan kwali, ba ta sake tayar da zancen ba.

Auta ta zo ajin tana shekara tara. An sha wuyar haihuwarta, ta daɗe ba ta yi kukan farko ba, kuma ta taso gaɓoɓinta ba sa bin umarninta. Hannunta yakan tashi ya tafi inda ya ga dama, wuyanta ba ya tsayawa, magana kuwa babu, sai wani sauti daga maƙogwaro. Amma idanunta manya ne, masu rai. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, wani lokaci ta wuni a asibiti. Ubanta mai walda ne, shi ya ƙera mata keken da take zama a ciki, ya sa masa katifa da ɗamara, har da wurin rataya jaka.

Mai turo keken kullum yayar uban ce. Mijinta ya rasu tun da daɗewa, ta dawo gidan ƙanenta a makon da aka haifi Auta, kuma tun daga ranar ita ke wanka, ita ke ba da abinci, ita ke goyo. A makaranta Gwaggo muke ce mata. Doguwar mace ce, busasshiya, mai kaifin baki. Ba ta komawa gida in ta kawo yarinyar. Benci take samu ƙarƙashin tagar ajin ta zauna tana saƙa, kunnenta yana ciki. Malama na tsakiyar darasi sai a ji murya ta taga:

"Fitsari take ji."

"Gwaggo, yanzu muka dawo daga banɗaki."

"To, ni dai na faɗa."

Kuma sau da yawa hakan ne. Wannan ya sa jininsu bai haɗu ba. Ba su taɓa faɗa ba, gaisuwa ma har da tambayar mutanen gida, amma na san Yaya. In Gwaggo ta yi magana ta taga, sai na ji almakashi ya ƙara sauri ta cikin bango.

Shekara biyu ana abu ɗaya. Abin da aka samu bai taka kara ya karya ba: Auta takan kalli kofi in tana jin ƙishi, takan yi dariya in an yi waƙar haruffa. Uwar ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai duk ƙarshen zango takan tsaya a bakin ƙofa da fararen kayan aikinta ta ce: "Malama, tana ciki kuwa? Tana jin mu?" Yaya ta ce: "Tana ciki. Sannu-sannu." In matar ta tafi, sai ta daɗe a zaune tana kallon bango.

A shekara ta uku aka tura ta wata bita ta kwana huɗu. Ta dawo da wani haske a fuska da ban taɓa gani ba. Ta ce wani baƙo ya nuna musu yara irin Auta suna rubutu. Wai hankalinsu lafiya lau, hannun ne kawai ke gardama, saboda haka in malami ya riƙe tsintsiyar hannun yaro ya tallafe ta, yatsan yaron zai je kan baƙin da yake so. Ta sa kafinta ya yi mata allo mai faɗi, ta rubuta haruffa manya-manya a kai da baƙin fenti.

Makon farko shirme ne ya fito. A mako na uku ina cikin darasi ta faɗo ajina ba sallama, ta ja ni. Ta durƙusa gefen keken, ta riƙe hannun Auta, ta ce: "Faɗa wa Malama abin da kike so." Yatsan ya yi yawo, ya sauka kan R, ya tashi, ya sauka kan U. RUWA. Na rungume Yaya muna kuka kamar yara.

Kafin wata biyu kalmomi sun zama jimloli. Ranar da aka kira uwar, yatsan ya rubuta: MAMA INA JIN KI TUN DA. Matar ta zauna a ƙasan siminti da fararen kayanta, ta kifa kai a cinyar 'yarta. Uban ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa, ƙwalla na bin gemunsa. Aka sayi littafi mai bango ja, duk abin da Auta ta faɗa a rubuta da kwanan wata. Hedimasta ya ɗauki bidiyo da wayarsa ya tura wa na sama da shi, su ma suka tura wa wasu. Iyaye suka fara zuwa daga unguwanni masu nisa.

Gwaggo kaɗai ba ta yi murna ba. Ta leƙo ta taga ranar, ta kalli allon, ta kalli yarinyar, ta koma kan saƙarta. Da aka ce, "Gwaggo, ba ki ce komai ba," sai ta ce: "Ni ban yi boko ba. Ni dai a faɗa wa ubanta keken nan ya yi mata kaɗan, na gaji da faɗa." Aka yi dariya, aka ce kishi take yi an ƙwace mata aikin tafinta.

Ni ma akwai abin da ya tsaya mini a rai, na danne shi. Mu masu aiki da kurame ido muke fara kallo kafin hannu. Yaro in yana magana da hannu, idonsa yana wurin. Auta kuwa, yatsanta na rubuta doguwar jimla ba kuskure, idonta yana kan fanka, ko kan taga inda Gwaggo take. Wata rana na ce a ba ni in gwada. Na riƙe hannun, na jira. Ya yi ta yawo kamar reshe a iska, bai sauka ko'ina ba. Uwar ma ta gwada a gida, ba abin da ya fito. Yaya ta ce an gaya musu a bita sai yaro ya yarda da mutum ƙwarai. Na ce to. Wa zai so ya zama mai zuba ƙasa a abincin mutane?

Wata safiya Yaya tana gyara wa Auta riga sai ta ga wuri a ƙugunta na dama ya yi baƙi, jini ya kwanta, faɗinsa kamar yatsu uku. Bayan kwana biyu ta ga wani a ƙasa da shi. Ta rufe ƙofa, ta rufe taga, ta ɗauko allo. Ni ta kira in zama shaida, ni na riƙe biro.

"Wa ya yi miki wannan?"

Yatsan bai yi jinkiri ba. GWAGGO.

"Yaushe?"

IN BA KOWA. TANA MATSA NI. INA TSORON TA.

Na rubuta. A waje ina jin tarin Gwaggo da ƙarar bencinta.

Washegari aka taru a ofishin Hedimasta: uban, uwar, Gwaggo, Yaya da ni. Hedimasta ya karanta abin da ke cikin jan littafin, yana ta gyaran murya. Gwaggo ta saurara har ya gama, ta ce:

"Sake karanta mini na farkon."

Ya sake.

"Gwaggo ta ce?"

"Haka aka rubuta."

Ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta. "Ikon Allah. Ku ne kuke ce mini Gwaggo a nan. A gidanmu Iya ake ce mini. Yayyenta duka Iya suke cewa, uwarta ga ta nan, Iya take cewa. Yarinyar da na goya tun tana tsumma, yau ta buɗe baki, sai ta kira ni da sunan makaranta?"

Yaya ta ce a hankali: "Wataƙila don tana jin muna faɗa ne." Uwar kuwa ba ta ma ji ba, idonta ya rufe. Ta ce ita ma ta ga tabon tun makon jiya, ta tambaya aka ce mata keke ne. "Keke! Shekara nawa tana zama a keken bai ci ta ba sai yanzu?"

Gwaggo ta juya wurin ƙanenta. "Kai fa? Me ka ce?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki ya ce wa yayar tasa, "Yaya..." sai ya tsaya. Ta ba shi lokaci, ya kasa ƙarasawa. Ta kwance makullan gidan daga bakin zanenta, ta ajiye a kan teburin Hedimasta, ta fita. Ta tsaya wajen keken a baranda, ta gyara wa yarinyar hula, ta goge mata yawu da gefen mayafinta. A ranar ta tattara kayanta ta tafi wurin ɗanta a wani gari.

Aka ɗauko mai reno, wata mata mai haƙuri da ta taɓa aiki a gidan marayu. Daga nan Auta ta fara canzawa. Ta daina dariyar waƙar haruffa. In an kawo cokali sai ta datse haƙora, abin da ya shiga kuma ya dawo. Duk wanda ya wuce ta bakin taga sai ta wulla kai da ƙarfi ta bi shi da ido, sannan ta saki wani dogon sauti da nake ji har ajina, ɗalibaina kuwa ba sa jin komai. Wuyan rigarta ya fara yi mata yawa. Amma in an ɗauko allo aka tambaye ta, sai yatsan ya rubuta: NA HUTA. INA FARIN CIKI. Uwar ta riƙe wannan, ta ce canjin hannu ne, za ta saba.

Mako uku da tafiyar Gwaggo, an tashi yara, ina share allo, sai na ji mutum a bayana. Yaya ce, ta jingina da ƙofa, fuskarta kamar an yayyafa toka.

"Akwai sabon tabo," ta ce. "Wuri ɗaya da na da."

Na ajiye tsumman.

"Na tambaye ta. Ta rubuta mai reno ce." "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Jiya Gwaggo, yau mai reno. Gobe wa za ta ce, ubanta?"

"Yaya, zauna."

Ba ta zauna ba. "Kin san abin da ya hana ni sukuni? Kafin yatsan ya motsa, na riga na san abin da zai rubuta. Kullum haka ne. Da ina cewa don na san ta ne."

Na gaya mata zancen idon, wanda na ɓoye wata huɗu. Ta dube ni, ta ce: "Kika yi shiru?"

Mai reno ba ta zo ɗaukar Auta ba tukuna, saboda haka muka yi abin a lokacin, rana tsaka, makaranta ta yi tsit. Muka shirya cewa Yaya za ta fita ta tsaya bayan tanki, ni in nuna wa Auta wani abu, in ɓoye, sannan ta dawo ta riƙe hannun. Na ciro mataji daga jakata, na riƙe a gaban yarinyar har na ga idonta ya zauna a kai. Na ce, "Mataji ne, kin gani?" Na mayar, na kira Yaya.

"Me Malama ta nuna miki?"

LITTAFI.

Na girgiza kai. Ta ce a sake. Na nuna makulli, aka rubuta BIRO. Na nuna madubi, aka rubuta KOFI. Sau tara muka yi, ko ɗaya bai dace ba. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Ta ce wataƙila yarinyar ta gaji, wataƙila tsoro take ji. A na goma na yi abin da har yau ban san ko daidai ne ba. Da za ta fita, na bari ta hango cokali a hannuna kamar ban lura ba. Da ta ɓace, na ajiye cokalin, na cire takalmina na nuna wa Auta.

Ta dawo, ta durƙusa, ta riƙe hannun. Yatsan ya tafi kai tsaye. C, O, K. Na ce, "Ya isa," na ɗaga takalmin.

Ta saki hannun yarinyar kamar ta taɓa garwashi. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wallahi ban ji ina turawa ba," ta ce. "Wallahi tallahi."

Na yarda da ita a ranar, kuma har gobe na yarda. Ba maƙaryaciya ba ce. Na riƙe biro na rubuta maganar da ta kori tsohuwa daga gidan ƙanenta, ni ma ban ji ina ƙarya ba.

Muka ciro Auta daga keken muka kwantar da ita a tabarma. Yaya ta zura hannu ta gefen katifar. A dama, inda soson ya lotse, akwai bakin ƙarfe a tsaye. Yarinyar ta girma, ƙugunta ya cika wurin, duk lokacin da jikinta ya wulla sai ta bugi ƙarfen.

Hedimasta bai so jin zancen ba. Manyan baƙi za su zo ganin Auta a mako mai zuwa, an riga an yi fentin baranda. Ya rufe ƙofar ofis ya rage murya.

"Malama, ba na ce ƙarya kike yi ba. Amma ki bari makon nan ya wuce. Su zo su gani su tafi, sai mu san yadda za mu yi a hankali. Ba ke ce mai cewa sannu-sannu ba?"

"Ranka ya daɗe, yarinyar ba ta ci abincin kirki ba yau kwana ashirin. In baƙin sun zo, ka riƙe hannun da kanka."

Da yamma na raka ta gidan. Falo ne ƙarami, da labule mai ruwan toka da hoton yaran a bango. Auta tana kwance a doguwar kujera. Yaya ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa, ta faɗi komai daga farko har cokali, ba ta rage ba, ba ta nemi uzuri ba. Uban ya tashi ya je ya sa hannu a gefen keken, ya daɗe a sunkuye. Sai ya tura shi waje. Jim kaɗan muka ji ƙarar injin yankan ƙarfe daga shagonsa da ke jikin gidan.

Uwar ta shiga ɗaki ta fito da jan littafin. Ta buɗe shafin farko, ta miƙo shi saitin fuskar Yaya, yatsanta a kan layin.

"Har wannan?"

Yaya ta kalli layin. "Har shi."

"Ba ta ce tana ji na ba?"

"Ba ta faɗa da allon nan ba. Ni na faɗa. Na yi imani tana jin ki, amma ban da hujjar da zan ba ki."

Matar ta rufe littafin ta rungume shi. Muryarta ba ta tashi ba. "Shekara goma sha ɗaya na haƙura da shirunta, na saba. Kika zo kika ba ni 'ya mai magana, yau kin dawo kin karɓe. Ki tashi ki fita mini daga gida, Malama."

Uban ya je biko wurin yayarsa sau biyu, ta ƙi fitowa ma ta gan shi. A na uku ba roƙo ya je yi ba, ya je ya gaya mata an kwantar da Auta a asibiti ana ƙara mata ruwa. Ta biyo shi ba ta ce masa uffan ba a mota. Mai reno ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ɗakin. Ta ce tsohuwar tana shigowa ta yi wani ɗan sauti da harshe, yarinyar ta wulla kai, ta saki kuka har majinyatan gefe suka tashi zaune. Gwaggo ta ɗaga ta ta jingina da ƙirjinta, ta tallafi haɓarta da yatsu biyu, ta karkata cokali ta gefen baki. Auta ta shanye kofi guda.

Gwaggo ta dawo gidan, amma ba yadda take da ba. Ba ta sake karɓar makulli ba. In za ta yi wa Auta wanka sai ta bar ƙofar banɗaki a buɗe, ta kira wani ya tsaya. Ƙanenta ya roƙe ta ta daina, ta ce: "A'a, gara da shaida." Har yau haka take yi.

Baƙin ba su zo ba. Hedimasta ya ce musu yarinyar ba ta da lafiya, wanda gaskiya ne. Bai kori Yaya ba, amma ya daina gaishe ta da fara'a, kuma iyaye biyar suka cire 'ya'yansu. Ta ƙone allon a bayan tanki. Ta rame, ta yi shiru, almakashin ya kwana biyu bai yi ƙara ba. Mijinta ya ce mini takan zauna a tsakar gida ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallon su kamar na wani.

Muna tsammanin ba za mu sake ganin Auta ba. Bayan wata uku, wata safiya, sai ga sabon keke mai faɗi ya shigo ta ƙofar makaranta, Gwaggo na turawa. Ta kawo shi har tsakiyar ajin. Yaya ta miƙe, ta fara: "Gwaggo, don girman Allah..."

"Riƙe abinki. Ba don ke na zo ba. Zaman gida ba zai ƙara mata komai ba, kuma duk garin nan ba wanda zai zauna da ita yadda kike zama. Amma hannunki a bayanki. Kuma ni a ciki zan zauna, ba a taga ba."

Haka aka yi. Yaya ta ɗauko sabon littafi ta ce Gwaggo ta koya mata. Tsohuwar ta riƙa faɗa, Yaya na rubutawa: in ta taune leɓen ƙasa, fitsari ne. In ta miƙe ƙafar hagu, wani wuri na mata ciwo. In ta lumshe ido ta kau da kai, ba ta so. Abubuwa ashirin da shida suka lissafa, waɗanda Gwaggo ta sani shekara da shekaru ba wanda ya tambaye ta. A kan su aka ɗora. Yaya takan zauna nesa da keken, hannuwanta a harɗe a baya, ni kuma in kafe hotuna biyu a katako, ita tana bayan katakon ba ta ganin su, sai ta faɗi wanda idon Auta ya zaɓa. In ta faɗi daidai sau goma a jere, sannan a yarda.

Shekara biyu aka ɗauka kafin Auta ta tsaya a kan ɗaga ido sama yana nufin e, lumshewa yana nufin a'a. Yanzu tana da hotuna goma sha huɗu da take zaɓa da ido, tana gane baƙaƙe biyar. Ba jimla, ba doguwar magana. Uwar takan zo ƙarshen zango ta karɓi rahoto ta yi godiya a taƙaice. An ce jan littafin yana nan a ƙasan akwatinta, ba ta yar ba. Gwaggo da Yaya kuwa sun yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya kullum, suna aiki kamar hannu da baki, amma ban taɓa jin tsohuwar ta ce ta yafe ba.

Bara Yaya ta yi ritaya. Ta rubuta takarda sau uku zuwa ga waɗanda suka shirya bitar nan, ba a ba ta amsa ba. Bidiyon da Hedimasta ya ɗauka kuwa yana nan yana yawo a wayoyin mutane, an ɗora masa waƙa mai taushi, an yi rubutu a ƙasa wai a tura wa duk mai yaro irin wannan.

Watan jiya na kai mata ziyara, muna zaune a tsakar gida aka yi sallama. Wani mutum ne da kayan aikin gini a jikinsa, ya saɓo yaro ɗan shekara takwas a kafaɗa, ƙafafun yaron na lilo. Ya ce tun safe yake tambayar gidan. Ya ciro waya ya nuna mata fuskarta, tana durƙushe gefen keke.

Ta ba shi kujera, ta kawo ruwa, ta zauna ta ba shi labarin duka, har cokali da takalmi. Ta ce in ya yarda ya riƙa kawo yaron sau biyu a mako, za su fara da ido, amma abin zai ɗauki shekaru, kuma ba ta yi masa alkawarin jimla ko ɗaya ba. Mutumin ya saurara da ladabi har ta gama.

"Na ji, Malama. Amma ki ɗan riƙe hannun nasa mana, ko sau ɗaya. Uwarsa tana gida tana jira."

"Ba zan riƙe ba, ɗana."

Ya mayar da wayar aljihu, ya gyara yaron a kafaɗa, ya yi godiya. A bakin ƙofa ya juyo ya ce ba komai, an ba shi kwatancen wata malama a ƙetaren titin jirgi, an ce ita tana yi, har yara shida take riƙe wa hannu. Ya tambaye mu ko motar da ke bi ta gaban gidan tana kaiwa can.